Ƙaramar Tukunyar Hansai

Kafin bas ɗin ma'aikata ya ɗaga da safe, Hansai ta riga ta ɗora tukwane biyu a bakin garajin manyan motoci na Arlit. Babbar ta kowa ce, mai na yawo a kanta. Ƙaramar kuwa ko ɗigo babu, daga zogale da tumatir sai tsokar kaza. Saboda ita aka yi shekaru ana kiran matar nan marowaciya, don a garinmu miyar da ba ta ƙyalli abin kunya ce.

Bashar bakanike ya san amfanin ƙaramar tukunyar. Tun yana saurayi yake zuƙo gazuwal, man manyan motoci, da tiyo a baki, ya wanke hannu da esansi, wato fetur, ya hau cin abinci. Sai ciwo ya kama shi a ƙahon zuci, yana sukarsa har gadon baya. Likita ya ce wata tsoka ce a bayan tumbi, pankiriyas, ta kumbura ta ƙi sacewa. Ya ce jiki na da masu wanke masa guba, amma in hayaƙi da mai suka fi ƙarfinsu, ciki kan yi tsatsa kamar ƙarfe. Maiƙo kuma shi ke tayar da ciwon.

Daga nan Bashar ya koma tsoron abinci. Ƙato guda, da ya ga kwano sai ya kau da kai. Ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa. Mu ma tsoro ya kama mu, don da irin wannan ciwon mijin Hansai ya fara, kuma da hannunmu muka kai shi makwanci.

Ran nan Hansai ta ajiye wa Bashar kwano daga ƙaramar tukunya, ta zauna a gabansa.

"Inna, ƙyale ni," in ji shi. "In na ci, mutuwa zan yi."

"In ba ka ci ba fa, ɗana? Loma guda. Ga ni nan, ba ni tashi."

Ya kai loma, ya dafe ciki, gumi na tsiyaya, yana jiran sukar da ya saba ji. Masu saye na ta kira, ko waiwaye ba ta yi ba, har babbar tukunya ta ƙone. Aka kira azahar, sukar ba ta zo ba. Can ya turo kwanon, murya ƙasa-ƙasa:

"Inna, da saura?"

Bai warke ba, ciwon nan ba ya sakin mutum. Amma yana shan maganinsa, ya yar da tiyo, kullum kuma yana cin na ƙaramar tukunya.

Ke ce, Hansai, uwar masu tsoron kwano. Kin sha gori kin haɗiye, ba ki taɓa tona ciwon kowa don ki wanke kanki ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Yanzu gwiwa ta gaza, za ki koma gida Tahoua. Jiya na ga Bashar tsaye yana kallon ƙaramar tukunyar, hannunsa a kan ciki. Matan Arlit, ga murhu, ga tukunya. Wace ce za ta yarda a kira ta marowaciya?