Eustaquio Ragudo, Mai Riƙon Fuskar Apo Ines (1911–1980)

Haihuwa da asali

An haifi Eustaquio Ragudo, wanda aka fi sani da Takio, ranar 3 ga Maris, 1911, a garin Lumbawan da ke gaɓar tekun Ilokos. Mahaifinsa Bonifacio masassaƙi ne, mahaifiyarsa Sixta kuwa masaƙiya. Gidansu na kallon tsohon cocin garin, wanda kakanni suka gina da dutsen teku, suka yi wa bangonsa kaurin gaba biyu saboda girgizar ƙasa, bagadensa mai ruwan zinare kuma ya daɗe da yin duhu da hayaƙin kyandir.

Tun zamanin kakan kakansa zuriyarsu ke riƙon mutum-mutumin waliyyiyar garin, wadda kowa ke kira Apo Ines, Apo kuwa lakabin girmamawa ne a harshensu. Ba a coci take zama ba, ɗakinta na saman benen gidansu. Kai ne kawai da hannuwa biyu na itace, da idanun gilashi. Sauran jikin sanduna ne da tufafi ke rufewa. Kowace Janairu ake sa mata kaya, a ɗora ta a karusa a zaga gari, jama'a na shafa mata hankici a kunci don neman tabarruki.

Karatu da sana'a

Shekara uku ya yi a makarantar gari, ya bari a 1921 ya koma gaban mahaifinsa. A wurinsa ya koyi sassaƙa da haɗa fenti, ya kuma koyi ƙa'idar gidan: hankicin jama'a na cinye fentin fuskar waliyyiya, kuma babu mai sabunta shi sai mai riƙo, shi kaɗai, ƙofa a rufe. Da mahaifin ya rasu a 1936, riƙo ya dawo hannunsa.

Aure

A 1940 ya auri Maximina, 'yar wani ƙauye a kan tudu, mace mai kunya wadda ko kasuwa ba ta cika zuwa ba, ga mayafi kullum a kanta. Matan unguwa kan tsokane shi, suna ce masa Manong, wato yaya: “Manong Takio, ka tara biyu a bene, ba mai cewa uffan. Wace ce ta itacen?” Sun haifi Anacleto a 1941, sannan Felisa a 1943.

Shekarun yaƙi

A Disamba 1944, da yaƙin duniya ya matso, mutanen garin suka gudu kan duwatsu. Kafin su tashi, Takio ya sa kan waliyyiyar a cikin tulu ya binne a ƙarƙashin rumbu. Mahaifinsa ya sha faɗa masa cewa da ganyen taba ake naɗe itace idan za a ɓoye shi, domin gara ba ta kusantarsa. A cikin gaggawa ya naɗe da karan shinkafa.

Zazzaɓi ya kashe Maximina a Fabrairu 1945. An binne ta babu limamin coci, babu addu'a, a gindin wata bishiya da ya koma nema har sau huɗu bai gane ta ba. Da suka dawo gari ya tona tulun. Babu kara, babu itace. Ƙasa ce kawai mai laushi, da idanun gilashi biyu a ƙasan tulun suna kallon sama.

Bai gaya wa kowa ba. Ya rufe kansa a bene kwana goma sha tara, ya sassaƙa sabon kai, ya dasa masa tsofaffin idanun. Tsohuwar fuskar ya yi niyya, amma da ya gama shafa fenti ya ja da baya, Maximina ce ke dubansa. Saura kwana biyu biki.

Ranar 21 ga Janairu, 1946, aka fito da ita. Tsofaffin mata suka tsaya suna kallo, har ɗaya ta fashe da kuka: “Wayyo, Apo ma ta rame! Yaƙin nan bai bar kowa ba.” Daga nan aka fara miƙa hankici.

Shekarun shiru

Bai sake aure ba. Marasa lafiya suka ci gaba da warkewa kamar da, ruwa ya ci gaba da sauka bayan an roƙa. Wannan ya fi komai damunsa. Matar da aka binne babu addu'a ko ɗaya, yanzu gari guda ke durƙusawa a gaban fuskarta. Ya kasa gane ko sata ya yi, ko kuwa haƙƙinta aka mayar mata.

A 1960 Felisa ta cika shekara goma sha bakwai. Tana tafe bayan karusa a bikin shekarar, wata mai sayar da tafarnuwa ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta saki kwandonta. Kafin a koma coci labari ya gama gari: Apo ta ara wa 'yar mai riƙonta fuskarta. Daga ranar mata suka fara shafa wa Felisa hankici a kunci, a bakin rijiya, a kasuwa. Yara suka fara daina guje-gujen wasa in ta doso. Maza suka fara cire hula.

Akwai wani mai busa ƙaho a ƙungiyar makaɗan biki, Rufino, wanda ya yi shekara uku yana nemanta. A 1964 ya zo ya tsaya a gindin matakala, hula a hannu, ya kira shi Tata, wato baba. “Tata, ka yafe ni. Yaya mutum zai ce wa wadda yake durƙusa wa ta ɗebo masa ruwan wanka? Uwata ma ta ce in na taɓa ta hannuna zai shanye.” Kalma goma sun isa su warware maganar. Takio ya ce, “Allah ya ba ka wata.”

Washegari ya kai ƙarar kansa wurin limamin coci. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, “Haba Takio, ita ta farkon da zinare aka haife ta? Itace ce ita ma, wani ya sassaƙa ta da fuskar wata. Je ka faɗa wa mutane, ka saki yarinyar nan.” Bai je ba. Ya auna imanin gari da rayuwar 'yarsa, ya ce gari ya fi nauyi. Ko gari ya auna, ko sunan gidansu, shi kansa bai taɓa tabbatarwa ba.

Tsufa da rasuwa

A 1977 idanunsa suka fara dushewa. Anacleto ya daɗe da tafiya aikin rake a Hawai, don haka Felisa ya koya wa haɗa fenti. A Disamba 1979, suna bene su biyu, ya faɗa mata komai, tun daga karan shinkafa. Ta daɗe tana duban mutum-mutumin, ita da ba ta taɓa ganin ko hoton mahaifiyarta ba.

“Ashe haka take,” in ji ta. Can kuma ta ce, “Yanzu kake faɗa min, Tata? Rufino har ya kusa aurar da 'yarsa. Miƙo min burushin.”

Ya rasu da hantsin ranar 20 ga Janairu, 1980, jajiberin biki, yana da shekara sittin da takwas. Ba a kaɗa masa ƙararrawar mutuwa ba sai da aka gama shagali. Karusa ta tsaya a ƙofar gidan bisa al'ada, gawarsa na ciki, fuskar na waje tana kallon taga. An binne shi ranar 23 ga wata a maƙabartar bayan coci.

Ya bar 'ya'ya biyu: Anacleto, mazaunin Hawai, mai 'ya'ya biyar, da Felisa, wadda ba ta yi aure ba, kuma ba ta gaya wa gari komai ba. Ita ke riƙo har yau. Kowace Janairu takan rufe ƙofa, ta jingina madubi a gefen waliyyiyar, ta sabunta fuskar da abin da ta gani a ciki. Mutanen Lumbawan sun ce Apo Ines ta fara tsufa.