Zaren Malam Sabi'u

Jama'a, Malam Sabi'u ya gani!

Da safen nan ɗansa Mujahid ya kira ni daga asibiti a Daura. Ya ce, "Yaya, an cire bandeji, Baba yana gani!" Wallahi sakin ƙarfen hannuna na yi na zauna a ƙasa.

Malam ne ya koya mana lissafi a sakandare a Sandamu. Ajinmu babu babban kamfas na allo, don haka kullum akwai zare a aljihun rigarsa. Zai ja layi, ya danne zaren da babban yatsa a ƙarshensa, ya ɗaura alli a ɗaya bakin, ya zana baka sama da ƙasa. Ya koma ɗaya ƙarshen ya maimaita. Inda bakunan suka gitta juna ya haɗa da layi, sai ga tsakiya cif, ba ruwansa da rula.

Yakan ce, "Zaren ya wuce rabin layin, in ba haka ba har Mahadi ba za su haɗu ba."

Ni kuwa kan kwakwa ne. Ranar da na gane, awara ya saya min don murna. Yau walda nake yi a Mai'adua, kuma duk get ɗin da na raba biyu, da dabararsa nake neman tsakiya.

Sai yanar ido ta rufe shi, ta raba shi da aji.

Zuwana na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Na same shi a zaure. Ya ce bari ya gwada ko hannu bai manta ba. Ya ja layi a ƙasa da tsinke, ya ciro zarensa, ya zana, ya laluba ɗaya ƙarshen, ya sake zanawa.

"Sun haɗu, Bashir?"

Na tsura wa zanen ido. Ko kusa ba su yi ba.

"To," ya ce. Ya shafe da tafin hannu, ya tambaye ni ya yara. A kan babur na yi kukana har Mai'adua.

Yanzun nan Mujahid ya turo min hoto. Wai da aka fito da shi ya sha iska, durƙusawa ya yi a harabar asibitin ya ciro zare, nas tana faɗa kada ya sunkuyar da kai, shi ko a jikinsa. Malam ke nan!

Saura idon hagu, likita ya ce sai wannan ya warke. Allah Ya ƙarasa masa lafiya, Ya saka masa da Aljanna. Duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, don Allah ya sa shi a addu'a.

Na rufe shago, na kama hanyar Daura. Ya ce a faɗa min in zo da kaina in duba zanen, wai wannan karon ba sai ya tambaye ni ba.