Kunnen Rigar Malam

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Idan na yi shiru a tsakiya a yi mini haƙuri. Maganar mijina ce, kuma har yau ba na kai ta ƙarshe ido a bushe.

Malamin dabbobi ne, Allah Ya jiƙansa. Ya yi aikin gwamnati a nan Daura har ya yi ritaya, amma masu shanu ba su bar shi ya zauna ba. Yau a kira shi wata ruga bayan garin Babban Mutum saniya ta kasa haihuwa, gobe yana kara a Mai'aduwa yana buɗe bakin bijimai. Duk a kan babur yake zuwa, shi kaɗai, da jakar allurai a baya.

Juma'a da biki da jana'iza, babbar riga yake sawa kamar kowa. Aiki kuwa sai shat, kuma ba kowace shat ba, sai irin mai ƙananan maɓallai biyu a bakin kwala, waɗanda ke riƙe kunnuwan wuyan rigar su kwanta a ƙirji. Mu a gida kunnen riga muke ce musu. Yana cewa a kan babur iska takan ɗaga kwala ta yi ta marin mutum a haɓa, wannan kuwa tana nan inda ka ajiye ta. Yana da dokokinsa a kai. Maɓallin maƙogwaro a buɗe, na kunnuwa a rufe, ko da zafi ya kai ina. Ba ya ɗaura mata laktaye, wai wannan na masu ofis ne, shi kuwa bijimi zai kama ya ja shi da shi. Ba ya zuwa ɗaurin aure da ita. Idan ya ga saurayi ya bar kunnuwan a sake, sai ya tsayar da shi.

"Kai ɗan nan, akuya ce ta ara maka kunne? In ba za ka saka ba, ka sayi marar maɓalli mana."

Wanki da guga nawa ne. Tun ina amarya ya koya mini: a cire maɓallan kunne kafin a jiƙa, in ba haka ba zaren ya yaga yadin. A shimfiɗa kwalar a goge ta daga baya, kada a danne lanƙwasar ta mutu. Da dutsen gawayi nake yi, in ninke, in bar kunnuwan a buɗe. Shi ke sakawa da kansa a gaban ɗan madubi, haɓa a sama. Ba ya son a taimake shi.

Wata safiya da kaka, ana ta yankan gero, ya fito zai hau babur, kunnuwan duka biyu a sake.

Na ce, "Malam, ka manta kunnuwa."

Ya ce, "Ban manta ba. Haka ake yayi yanzu. Ko tsoho ba ya yayi ne, uwargida?"

Ya yi dariya, na taya shi, amma ban yarda ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tsare 'ya'yan mutane a titi a kan wannan abu, ba yayi ne zai canza shi ba. Sai na tuna ludayin koko da ya suɓuce masa a makon nan, da butar alwala da ya koma ɗauka da hagu.

Bayan kwana kaɗan ya kwashi rigunan a leda, wai zare ya saki zai kai wa tela. Da suka dawo sai ga kunnuwa sun kwanta luf kamar da. Na yi hamdala, na ce a raina ni ce mai neman abin tsoro.

Ranar wanki na ɗauki ta farko zan cire maɓallin, ya ƙi. Na sa farce, ya ƙi. Na fito da ita haske na duba. Ashe ɗinke kunnen aka yi a jikin rigar, maɓallin yana zaune a sama kawai don ido. Na ɗauki ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na zauna a bakin bahon wanki da rigar a hannu. Yatsunsa ne ba sa iya kama ɗan maɓallin, kuma ya san da haka, har ya nemi hanyar ɓoyewa.

Hannun dama ne. Ni ban taɓa tuƙa babur ba, amma na san da shi ake murɗa totur, da shi ake kama birki. Na kuma san hanyar Kongolam ranar kasuwa, tireloli da motocin shanu suna wuce mutum kamar ba su gan shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne: kada hannun nan ya sake shi a titi, a kawo mini shi a bayan mota an rufe da buhu, ko ya kwana a gefen hanya ba wanda ya san ko mijin wace ce.

A wajenmu mace ba ta buɗe baki ta ambata wa mijinta ciwon da bai ambata ba, sai a ce fata take yi masa. Duk da haka, da ya zauna karyawa na daure.

"Malam, hannun nan naka."

"Wane hannu? Kwanciya na yi a kansa."

"Har da tela ya ɗinke kunnuwa?"

Ya ajiye kofin. Sannan ya ce, "Ke dai ki yi gugarki. Kuma kada in ji wannan a bakin yara."

Ya ɗauki makulli ya fita. Ranar nan tuwo ya kama a tukunya ina zaune kusa da shi. Duk wanda ya yi sallama a zaure, sai na dafa bango kafin in amsa. Da na ji ƙarar babur ɗinsa gab da magariba, kuka ya ƙwace mini, na shige madafa na ce hayaƙi ne. Haka muka yi ta yi, kullum ya fita ni kuma in kasa zama in kasa tsayuwa.

Da na ga ba zan iya ba, na sa riga ɗaya a cikin hijabi na tafi gidan yayarsa. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kaɗai ce yake sunkuyar wa da kai. Na miƙa mata rigar, na nuna wurin. Ta juya ta, ta kai kusa da ido.

"To ai ɗinkin ya yi kyau. Wane tela ne?"

"Yaya, ba a ɗinkewa. Da hannu ake sakawa kullum. Shi ne ya daina iyawa."

Ta dube ni, ta sake duban rigar. Ta ce, "Akwai wadda ba a ɗinke ba?"

Akwai wata tsohuwar riga a ƙasan akwati da ya manta da ita. Washegari da sassafe, yana turo babur zuwa zaure, sai ga Yaya da sandarta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta karɓi rigar a hannuna ta miƙa masa.

"Auta, sa wannan in gani."

"Yaya, ana jirana. Saniyar mutane ce a kwance."

"Ta ƙara kwanciya. Da kake yi mini fitsari a baya, wa ya ce maka ana jirana? Sa."

Ya cire ta jikinsa ya sa tsohuwar. Manyan maɓallan gaba ya lallaɓa su da hagu, a hankali. Da ya zo kan kunne sai ya ɗaga haɓa yadda ya saba, ya kai hannun dama. Yatsun suka yi ta rawa. Ya kama maɓallin ya suɓuce, ya sake kamawa ya suɓuce. Gumi ya karyo masa. Ni na kawar da kai, don ban taɓa ganinsa haka ba, kuma ni na jawo a gani.

Yaya ta ce, "Ya isa, ƙanena."

Ta zare makullin daga jikin babur ta ƙulle a bakin zanenta. Bai yi musu ba. Ni ya duba.

"Ke ce."

"Ni ce, Malam."

Babban ɗanmu ya kai shi asibiti a Katsina. Aka ce hawan jini ne, shanyewar jiki ta riga ta taɓa shi kaɗan, kuma babba na iya biyowa. Aka ba shi magani, aka hana shi tuƙi. Ya koma zaman zaure. Masu awaki da tumaki suna kawo masa har ƙofar gida, masu shanu kuwa su zo su faɗi yadda abin yake, shi ya faɗa musu abin yi. Ya daɗe ba ya yi mini magana sai ta dole. Daga baya ya sauko, har ya koma tsokanata. Wata rana yana kallon masu babura suna wucewa ya ce, "Da kin bar ni, da yanzu..." Bai ƙarasa ba. Har yau ban san ko godiya zai yi ba ko ƙorafi.

Da bazara ta zagayo, bayan la'asar, yana kan tabarma a tsakar gida ina tsintar shinkafa a gefensa. Ya ce in ba shi ruwa. Kafin in dawo daga randa bakinsa ya karkace, ya zame gefe guda. Na yar da kofin na tare kansa a cinyata, ina ta maimaita masa kalimar shahada ina kiran maƙwabta. Idonsa yana kaina. Ya yi 'yan kwanaki a kwance, yara duk suka zo, Yaya tana zaune wajen ƙafafunsa, sannan Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na yi ta roƙo ke nan, kada ya faɗi a titi, sai dai ya cika a ɗakinsa a gaban nasa. An ba ni, kuma na gode. Ban dai san abin da na roƙa zai yi mini kaɗan haka ba.