Farantan Bangon Inna

A gidanmu na cikin gari, da azumi ya shiga goman ƙarshe Inna take sa a fito mata da gadonta tsakar gida. A kwashe jere, a share yana. Ƙanwarta ta taso daga Kwalkwalawa da farar ƙasa a ƙwarya, mata su kwaɓa ƙasa su yi wa ɗakin sabon yaɓe ta ciki. Waje aikin maza ne. Mu hau soro mu toshe duk inda ya tsage, mu shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin gini. Kafin yaɓen ciki ya bushe, Inna za ta ɗauko ƙananan farantai ta danna su cikin bango, ɗaya ga kowane yaro da aka haifa a gidan a wannan shekara. Nawa yana can sama kusa da azara, mai shuɗin baki. Ranar Sallah kuwa, da an sauko idi, ɗakin nan kowa ke shiga gaisuwa, yara su tsaya suna nuna nasu da yatsa.

Haka muka tashi muka gani, har kuɗin mai suka shigo ƙasar, soja na mulki, kowa ya koma ɗan kwangila. Yayanmu, ɗan farin Inna, ya bar sayar da yadi ya koma kai yashi da siminti wurin manyan gine-ginen da ake yi wajen Dundaye. Ya gina gidan bulo a Mabera ya tare. Ni kuwa ina nan kasuwa ina awon gero, da ɗan karatun firamaren da ban ƙarasa ba.

Shekarar da nake magana, azumi ya faɗo tsakiyar damina. Wata safiya sai ga tipa a ƙofar gida, Yaya na gaba da sabuwar hula.

"Inna, wagga wahala ta ƙare," in ji shi. "Kowace shekara taɓo, kowace shekara makuba, sai ka ce ƙauye. Bana siminti za a yi ma ɗakin ga."

Inna ba ta kalle shi ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. In tana da saƙo, ta bakina yake bi, ko da yana tsaye a gabanta. Ta juyo gare ni ta ce, "Ce mai Allah shi yi albarka."

Da ya fita na ce, "Inna, kina so kuwa?"

"Mi yak kai ka tambaya? An kawo, an gode."

Abu ɗaya ta roƙa, shi ma ta bakina: kada a taɓa mata cikin ɗaki. Sai aka shafe bangon da siminti ta waje kawai, a kan tsohuwar ƙasa, aka bi shi da koren fenti. Gaskiya ya yi kyau. Maƙwabta suka riƙa leƙowa. Soro kuwa ba wanda ya hau, don Yaya ya ce an gama da wannan zamani.

Yanzu ko yaro ya san abin da ke faruwa. Ruwa ya shiga ta sama, ya bi bayan siminti, ya rasa hanyar fita, ya zauna cikin ƙasa yana jiƙa ta. A lokacin ban san haka ba. Abin da na sani, yaɓen da mata suka yi a ciki ya ƙi bushewa. Ɗakin ya ɗauki wari irin na bakin rijiya. In na buga simintin da hannu ta waje, sai ya amsa kamar ganga.

Sai faranti ya faɗo. Matata ce ta tsince shi a ƙasa tana shara. Inna ta karɓa ta mayar, ya shige bango kamar an danna shi cikin tuwo, washegari ya sake faɗowa tare da wani. Tun daga nan azumina ya lalace. Ina kasuwa mudu a hannu, idona na gabas. Da hadari ya haɗo sai in bar gero in sheƙo gida in tsaya ina kallon bango kamar kallona zai riƙe shi. Na lura ya yi ciki daga gefen gado. Na nuna wa matata, ta ce ita ba ta ga komai ba, amma daga ranar ta hana 'yarmu shiga.

Na tafi Mabera. Na tarar ana wanke wa Yaya sabuwar mota.

"Yaya, bangon ga zai zo ƙasa."

Ya yi dariya. "Kai dai tun kana yaro matsoraci na. Siminti na hwa, ba fura ba. Gadojin da soja ka yi, da mi anka yi su? Da makuba?"

"Zo ka taɓa shi ka ji."

"Ka ce dai abin ya tsone ma ido. Ranar Sallah ina zuwa da baƙi su ga aiki. Kada ka kunyata ni."

Na dawo wurin Inna. Na ce ta koma turakar marigayi Baba ko da zuwa bayan Sallah ne. Tana jera kwanoninta a kan katako, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba ta ko juyo ba.

"In na hita, an ce aikinai bai yi ba. Ba ni hita."

"In ya hwaɗo miki hwa?"

"To ka huta da sayen goron Sallah."

Na samo itace na tokare bangon ta ciki. Ta sa aka cire, wai yana ɓata mata jere.

Ranar Sallah ruwa ya sauko tun asuba, bai tsagaita ba sai dab da idi. Ban san abin da liman ya karanta ba. Da muka dawo, ɗaki ya cika: surukai, jikoki, ƙanwar Inna, ga Yaya da baƙinsa biyu masu babbar riga. Inna na bakin gado da sabon zane, daidai ƙarƙashin inda bangon ya yi ciki. Ana ta barka da Sallah, ana miƙa kwanukan masa da miya. Ni ina bakin ƙofa, na kasa zama. Sai na ga ƙasa na zubowa daga azara siririya, tana sauka kan filo. Wani faranti ya ɓalle ya daki langa.

Na daka tsawa kowa ya fita. Yara suka fashe da kuka, aka yi waje ana tattake takalma. Inna ba ta motsa ba. Na shiga na sungume ta kamar buhu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta ta bayyana gaban surukai da baƙi. Na dire ta tsakar gida, na ja ƙofa na datse da kwaɗo, na jefa makullin cikin rijiya.

Muka tsaya cirko-cirko muna kallon ɗakin. Bango bai faɗi ba. Koren fenti sai ƙyalli yake cikin rana. Yaya ya dube ni gaban baƙinsa ya ce, "Mahaukacin banza," ya shiga motarsa.

Inna ta koma turakar Baba, ta daina amsa gaisuwata. Kullum ana cewa za a fasa kwaɗo a kwaso mata kaya, amma ba wanda ya ɗauko guduma. Kowa tsoron shiga yake, furtawa ce dai ba za su yi ba.

Bayan Sallah da 'yan makonni, wata rana da azahar, ko gajimare babu, bangon ya zauna. Soro ya biyo shi. Gado, jere, farantai, duk suka shige ƙarƙashin ƙasa. Dangi suka zo jaje, kowa na cewa damina ta yi ƙarfi bana. Ban ji wanda ya ambaci siminti ba. Yaya ya gina mata ɗakin bulo, aka yi ta sa masa albarka, kuma cikinsa ta zauna shekaru masu yawa lafiyarta lau. Ni kuwa har yau, in an taru Sallah, sai wani ya tuna ranar da na tuɓe wa Inna ɗankwali gaban baƙi, a yi dariya.

Ranar da ɗakin ya faɗi ne ta fara yi mini magana. Ta fito ta daɗe tana kallon tarin ƙasar, hannu a baya. Na matso kusa da ita. Ta ce, "Da ba ka jehwa makulli rijiya ba, da na kwashe kayana."