Allurar da Ta Buɗe Idon Baba

Shekara biyu bayan Baba ya yi ritaya daga aikin gwamnati, idanunsa suka fara rufewa da kansu. Ba barci ba ne, ba kuma makanta ba. Yana cikin karanta jarida a barandarmu ta Abakpa sai fatar idon ta matse, ya sa yatsa ya ɗaga ta, ta sake komawa. Ranar da abin ya same shi yana tuƙi a wajen Kawo, da kyar wani mai babur ya kauce masa. Daga ranar ya daina tuƙi.

Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata. A lokacin ina koyarwa a makarantar aikin jinya, digirina na biyu kuma a kan yadda jijiya ke isar da saƙo ga tsoka na yi shi.

Likitar da muka gani, wata 'yar kudancin Kaduna mai magana a natse, ta ce ganinsa lafiya lau, tsokar da ke kewaye da idon ce umarni ya yi wa yawa. Maganin allura ce da ake haɗawa da ɗan mitsitsin gubar wata ƙwayar cuta. Baba na jin an ce guba ya yi mata godiya, ya miƙe. Muka koma gida ba a yi allurar ba.

Bayan la'asar na ɗauki takarda da biro na je na same shi.

"Baba, ka ba ni aron kunnenka. Wannan fannina ne, na san shi."

Na zana masa ƙarshen jijiya, da 'yan jakunkunan da ke ciki, kowace cike da sinadarin da ke sa tsoka ta motsa. Na ce jakar ba ta buɗewa haka kawai. Akwai furotin guda uku da ke murɗewa da juna kamar igiya, su jawo ta bakin jijiyar, ta zubar da abin cikinta. Allurar ɗaya daga cikin ukun take yankewa, sai jakunkunan su tsaya, tsokar ta huta.

"In an yanke, shi ke nan har abada?"

"A'a. Jiki yana gyara abinsa. Bayan 'yan watanni sai a sake."

"Ba za ta gangara zuciya ba?"

"Kaɗan ce ƙwarai, inda aka sa ta take aiki. Wani lokaci ido ɗaya kan ɗan sauka na 'yan makonni, ba zan ɓoye maka ba."

Ya daɗe yana kallon zanen, yatsansa riƙe da fatar ido.

"Uwata, da idonki kika gani ko a littafi?"

"Jakunkunan a hoto na gani. Amma tsokar kwaɗo da hannuna na gwada ta."

Ya yi dariyar da muka daɗe ba mu ji ba. "Ashe ni da kwaɗo hanyarmu ɗaya."

Mako na zagayowa aka yi masa allurar. Kwana uku babu wani canji, bai yi ƙorafi ba, ni ma ban girgiza ba. A rana ta biyar Mama ta kira ni ina aji, ta ce tun safe yake tsakar gida yana gyara rediyo, hannu biyu yake aiki da su.

Yanzu ni ke kai shi duk lokacin da allurar ta saki. A zuwanmu na baya muka tarar da wani dattijo daga Mando a benci, matarsa na riƙe da hannunsa, yana cewa shi ba za a sa masa guba a fuska ba. Baba ya matsa kusa da shi, suka gaisa, sannan ya waiwayo.

"Uwata, kina da biro? Zo ki yi wa bawan Allah nan bayani."