Carbi a Lokacin Cin Dambu

Shekarata ta uku ina koyar da lissafi a wata lakkwal, wato makarantar boko, ta mishan a Dogon Dutsi, inda yara ke kiran malami Mushe, darektanmu ya wayi gari da wata dabara. Wai jarrabawa ta matso, yara duk sun rikice, saboda haka tun da watan Mayu na Maryamu ne, 'yan Katolika su riƙa jan carbi kullum don hankalinsu ya kwanta. Ban ƙi addu'a ba, da carbi a hannu uwata ta raine ni. Lokacin da ya zaɓa ne ya ba ni haushi: hutun ƙarfe goma, daidai sa'ad da masu dambu da kopto, kwaɗon ganyen nan, suke sauke robobinsu a bakin ƙofa. Na ce masa a mai da shi bayan tashi, ya ce ai bayan tashi kowa gudu zai yi. Sai ya ɗora mini tara yaran, wataƙila ladan surutuna ke nan.

Wanda yake ja mana wani tsohon katekis ne mai koyar da addini a coci, mutumin kirki, amma shi da sauri ba su taɓa gaisawa ba. Goma-goma biyar ɗin nan na carbi da uwata take gamawa kafin ruwan tuwo ya tafasa, shi sai ya ja su har a buga ƙararrawa. Ga zafin Mayu, ga kwano a kanmu, ina kallon agogo ina cizon leɓe, shi kuwa ido a rufe. Kafin kowace goma yakan tsaya, ya ce mai buƙata ya faɗa a yi masa roƙo. Wannan ya ce kakarsa ba lafiya, wancan ya ce damina, akwai ma wanda ya sa muka yi wa jakin babansa addu'a.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar ƙauyen Gesheme, 'yar ajin jarrabawa, tana zaune gidan wani ɗan uwan babanta. Duk ajin ba wanda ya kai ta lissafi. Kullum in an zo goma ta huɗu sai ta ce a roƙa wa wanda ya fito bai karya ba. Mu ce amin, mu wuce. Katekis har yaba mata ya yi, wai ga mai tuna talakawa.

Ni kuma abin da na gani shi ne ta fara gyangyaɗi a aji, makinta yana sauka. Na yi mata faɗa a gaban kowa, na ce in haka za ta shiga jarrabawa, gara ta koma ƙauye tun yanzu.

A sati na uku, muna tsakiyar goma ta huɗu, ta sulale ƙasa da carbinta a hannu. Ƙawayenta Musulmai ne suka rugo da ruwa, su suka faɗa mini abin da duk lakkwal ta sani ban da mu manya. A gidan da take, sau ɗaya ake ɗora tukunya, da maraice. Abincinta na rana shi ne na hutun nan: takan zauna kusa da su, su ce ta sa hannu, don a garin nan ba a ci a bar na kusa yana kallo. Ba ta taɓa roƙo ba, ba su taɓa jira ta roƙa ba. Tun da aka fara carbi, kafin ta fito an sha ruwa an koma aji.

Na tafi ofis a fusace. Ban tuna duk abin da na faɗa wa darekta ba, amma washegari carbi ya koma bayan tashi, kuma ba wanda ya gudu.

Haushina bai huce ba, sai na juye sauran a kanta. Na kira ta bakin allo, na tambaye ta me ya hana ta buɗe baki ta gaya wa wani, sati uku cur.

Ta dubi ƙasa, ta ce, "Mushe, ai kullum sai na hwaɗi. Ku ka cewa amin."