Amaryar Keji na Bakwai

Tun tana 'yar shekara biyar ake kiranta Ƙirgau, don ba a aikenta ta dawo da saƙo kaɗai. Sai ta haɗo da adadin matakalan bene, da fitilun titin da suka mutu, da karnukan da suka yi mata haushi. Shekara ashirin da biyu ta yi tana karatu, kowa a gida ya sa ran za a samu likita. An kuwa samu Dakta, sai dai ba wadda ake kai wa ciwon baya ba. Aikinta karanta ƙwayoyin gado na namun daji: ka ba ta gashi ɗaya ko ɗigon jini, ta faɗa maka dangin dabba, da ko namiji ne ko mace.

"Namun daji, kamar zaki ke nan?" Umma ta tambaya da ɗan sauran fata.

"Ungulu, Umma."

"Shekara ashirin da biyu, 'yar nan! Ungulu ai kyauta ake ganinta a bola."

"Da ke nan. Yaushe rabonki da ganin ko ɗaya?"

Umma ta yi ta tunani ba ta tuna ba, sai ta ce ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa mata kwanuka.

Cibiyar kare namun dajin da ta ɗauke ta aiki tana da motoci tara, biyu ke tashi. Ma'aikata sittin da ɗaya, huɗu ke shiga daji. Ɗakin gwaje-gwajenta yana bayan sito, da tebur biyu, firji uku, da taga ɗaya da ba ta buɗuwa. A shekara shida ta tara gashin tsuntsu dubu biyu da ɗari uku da arba'in, kowanne a ambulan ɗinsa da lambarsa.

Abin alfaharin cibiyar yana keji na bakwai: ungulu biyu, na wani iri da ya kusa ƙarewa. A allon kejin an rubuta Ango da Amarya. Darakta da kansa ya raɗa musu suna shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya tsaya ya dube su, ya ce wanda ke miƙe wuya shi ne namiji, wadda ta sunkuyar da kai kuwa kunya ce irin ta mata. Daga ranar hotonsu ya hau ƙofar shiga, da jikin motoci, da aljihun rigar kowane ma'aikaci.

Duk shekara sai su haɗa sheƙa, Darakta ya kira 'yan jarida ya ce bana kam akwai albishir. Jawabi goma sha ɗaya, ƙwai ko ɗaya babu. An ba su maganin ƙarin kuzari, an kewaye kejin da labule, an kafa kwamitin mutum bakwai da ya zauna sau goma sha tara. Wata shekara ma suka kwanta a kan wani dutse kamar ƙwai kwana hamsin, suna karɓa-karɓa. Daga kejin zuwa ɗakin Ƙirgau taku arba'in ne, babu wanda ya taɓa takawa.

Ƙirgau kuwa ƙwai take so, kuma tsuntsayen tsufa suke yi. Sau uku ta nemi izinin ɗibar jininsu, sau uku Darakta ya rubuta: "Kada a tayar wa Amarya hankali." Sai ta je wurin Baban Keji, dattijon da ke share ƙarƙashinsu, ta roƙe shi ya sa ido in suna gyaran fiffike, ya tsinto mata gashin kowanne daban.

Da ya kawo, ya rage murya. "Dakta, ni ban yi boko ba, amma Amaryar nan ban taɓa yarda da ita ba."

"Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambayi mai tsintsiya?"

Sau uku ta yi gwajin, amsa ɗaya take samu. Ta ɗauki rahoto mai shafi huɗu ta hau ofishin Darakta.

"Yallaɓai, duka biyun maza ne."

Darakta ya cire tabarau, ya duba aljihun rigarsa inda Ango da Amarya ke jingine da juna. "Na'urarki ta lalace."

"Sau uku na gwada, yallaɓai."

"To sau uku ta lalace! Ke kin san manyan mutane nawa na kai gaban kejin nan? Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya, so kike in fita ana nuna ni da baki?" Ya jefa rahoton a durowa ya murɗa makulli. Wannan rahoton ne zai ba ta ƙarin girma, ta sani, ta kuma ji ƙarar makullin sarai.

Ba ta yi kuka ba, waya ta ɗauka. Ta kira cibiyoyi goma sha bakwai. Ta goma sha bakwai ɗin tana da irin ungulun, mata uku, babu namiji. Bayan kwana shida ta koma da takarda mai layi ɗaya: za a ba da namiji ɗaya, a karɓi mace ɗaya.

"Wane namijin?" in ji Darakta.

"Ango mana, yallaɓai. Shi kowa ya sani. Babu ƙarya ko ɗaya a takardar, ba kuma sai kun janye wata magana ba."

"Rahoton fa?"

"Ya zauna a durowarku. Ni ƙwai nake nema."

Darakta ya yi nasa lissafin, ya ga ungulu ba ta gaggawa, duk abin da zai fashe a kan magajinsa zai fashe. Ya sa hannu. Aka tafi da Ango a ɗaya daga motoci biyun da ke tashi, aka gyara allo ya koma Amarya da Baƙuwa.

Wata takwas, Baƙuwa ta saka ƙwai. Bayan kwana hamsin da ɗaya aka ƙyanƙyashe, saura wata huɗu Darakta ya tafi. 'Yan jarida ashirin da uku suka zo ba tare da an kira su ba. Wata a cikinsu ta karanta allon, ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, Amarya da Baƙuwa. To wane ne uban?"

Baban Keji ya duƙufa da shara a inda babu datti. Darakta ko gezau bai yi ba.

"Na daɗe ina zargin tsuntsun nan," ya ce. "Ni na ba da umarni a yi gwaji."

Kafin azahar rahoton ya fito daga durowa da sabon bango. Sunan Darakta a sama, 'yan kwamiti bakwai a ƙasansa, sunanta na tara. Daga baya aka ba shi lambar yabo, aka ƙara masa shekara biyu a kujera.

Washegarin zuwan 'yan jaridar ta kai wa Umma jarida. Ga Darakta ya cika hoto yana murmushi, ga ɗan tsuntsu a kan sikeli, tsirara kamar an fige shi.

"Ke kina ina?"

"Ga hannuna nan a gefe, ni ke riƙe da sikelin."

Umma ta kai jaridar kusa da ido. "Yatsu huɗu. Ko babban yatsan ba su bar miki ba."

"Giram ɗari da sittin ne jiya, Umma. Yau da safe ɗari da tamanin da ɗaya."

Umma ta sake kallon ɗan tsuntsun, ta taɓe baki. "Mummuna, Allah ya raya shi. Tashi ki wanke hannu."